Tsakanin Dogon Nguru da Dogon Sudan: Jirgin Ƙasa a Tarihin Tafiya Makka ta Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Idan aka shimfiɗa taswirar Afirka aka ɗora yatsa a kan garin Nguru, wanda Hausawa kan kira Guru, sa'an nan aka ja shi gabas sosai ba tare da karkata kudu ko arewa ba, to, bayan ya ratsa Tafkin Chadi da ƙasar Wadai da ta Darfur, zai sauka ne a kusa da birnin Al'ubayyid na ƙasar Kurdufan a Sudan. Garuruwan nan biyu sun yi tarayya a abu guda: kowannensu ya shafe shekaru yana matsayin ƙarshen layin dogo. Wanda ya fito daga Kano, a Nguru jirgi ke sauke shi. Wanda ya nufi Bahar Maliya kuwa, a Al'ubayyid yake sake ganin jirgi. A tsakaninsu akwai tazarar da ta haura kilomita 2,000.

Wannan maƙala za ta dubi yadda mutanen Arewacin Nijeriya suka riƙa shirya tafiyar aikin hajji ta ƙasa, da yadda suka riƙa yin ta, tun daga 1911 lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano har zuwa shekarun 1970. An ɗauki yankin Nguru da Dagona da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe ta yanzu, a matsayin wurin tsayawa a hangi hanyar. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ba don alhazai aka shimfiɗa dogon ba, su ne suka ɗinka tafiyarsu da guntayen da suka tarar, kuma giɓin da ke tsakanin dogayen biyu ya fi dogayen kansu tasiri a kan rayuwar matafiya da zuriyarsu.

2.0 Hanyar Gabas Kafin Zuwan Dogo

Tafiya hajji daga Bilad al-Sudan daɗaɗɗiyar al'ada ce, kamar yadda Umar al-Naqar ya yi bayani a littafinsa na 1972. Mansa Musa na Mali ya yi tasa a 1324, Askiya Muhammadu na Sanwai ya yi a 1496 zuwa 1497, sarakunan Kanem da Barno kuwa har masauki suka mallaka a Alƙahira domin mutanensu. Sai dai waɗannan manyan ayarori hamada suke ratsawa zuwa Masar, wasunsu ta Agadas da Fezzan. A wannan hanya ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raka malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, daga can ya komo gida saboda bai sami izinin mahaifinsa ba.

Hanyar gabas, wadda ke bin ƙasar ciyawa ta Bagarmi da Wadai da Darfur, ta ƙarfafa ne bayan Musulunci ya kafu a waɗannan dauloli. Ta fi ta hamada sauƙi ga talaka, domin akwai garuruwa da rijiyoyi da gonaki, kuma mai jaki ko mai tafiya a ƙasa zai iya bin ta. Kwarin Kogin Yobe yana ɗaya daga cikin ƙofofinta. Nguru ita ce mazaunin Galadiman Barno, mai tsaron iyakar daular ta yamma, kuma wanda ya bi kogin ta ƙasar Bade zai kai ga kufan Birnin Gazargamu, kusa da Gaidam.

Zuwan Turawa ya ƙara wa hanyar jama'a. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da ɗimbin mabiya, aka yi masa shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kusa da Sinnar. Daga nan mahajjacin ƙasar Hausa ya sami dangi a tsakiyar hanya.

3.0 Yadda Aka Shimfiɗa Dogayen Biyu

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe layin ga jama'a a 1912. A daidai wannan tsakani ne dogon Sudan, wanda ya taso daga Hartum ya bi ta Wad Madani da Sinnar ya ƙetare Farin Nilu a Kosti, ya isa Al'ubayyid. Turawan Ingila ne suka yi ayyukan biyu, kuma faɗin dogon iri ɗaya ne, wato ƙafa 3 da inci 6. Da an haɗa su, da tarago guda zai iya tashi daga Ikko ya tsaya a bakin Bahar Maliya.

Ba a haɗa su ba, domin ba a kan wannan manufa aka gina su ba. Kowane layi bakin teku yake fuskanta. Na Nijeriya aikinsa jan gyaɗa da auduga da fatu da kuza zuwa Ikko da Fatakwal. Na Sudan kuwa jan ƙaron Kurdufan da audugar Jazira zuwa Fot Sudan. Ga kuma ƙasar Chadi a tsakani, wadda ke hannun Faransa, kuma Faransawa ba su da wata riba a layin da zai haɗa ƙasashen Ingila biyu.

Reshen da ya tashi daga Kano, mai tsawon kimanin mil 140, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya isa Nguru a 1930. Isarsa ta zo daidai da karayar tattalin arzikin duniya, kuma daga nan sai aka yi kusan shekara 30 ba a sake shimfiɗa wani dogon layi a Nijeriya ba. Nguru ta zama babbar tashar lardin Barno. Gyaɗa da ƙaro da ƙiraga da kanwa da bandar kifi da shanu suna shigowa daga ƙasar Bade da Manga da cikin Nijar, kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna, baƙi daga Kano da Kudu suka cika gari. Jirgin da ya zo ɗaukar wannan kaya shi ne yake sauke masu niyyar Makka.

4.0 Shirin Tafiya

Kafin a fahimci yadda talaka ke ɗaura niyyar tafiyar da ta ratsa nahiya guda ta shiga wata, sai an dubi hukuncin fiƙihu. Hajji wajibi ne a kan mai iko, amma malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu, ba su sharɗanta abin hawa da cikakken guzuri ba ga mutumin da ke iya tafiya da ƙafarsa kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya. Saboda haka wanzami da baduku da maɗinki da mahauci da malamin allo duk suna ganin kansu cikin masu iko. Aska da basilla da tawada su ne guzurinsu.

Mai niyya yakan fara da biyan bashi da mayar da ajiya, ya bi dangi da maƙwabta yana neman gafara, ya yi wasiyya, domin tafiyar gabas ba a yi mata ranar komowa. Wasu kan bar wa iyali hatsi a rumbu, wasu kuwa su sayar da gona da bisashe su kwashi mata da 'ya'ya gaba ɗaya. Ana yin guzurin abin da ba ya lalacewa da wuri, kamar dakakken gero da ƙuli-ƙuli da kilishi da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya. Tun da kuɗin Nijeriya ba sa tafiya a ƙasar Faransa, a Sudan kuma fam ɗin Masar ake kashewa har zuwa 1957, masu dabara sukan juya dukiyarsu ta koma haja: turkuɗi da baƙin Kura da takalman fata da goro, a riƙa sayarwa zango-zango.

Sai kuma lissafin lokaci. Watan Zulhajji yana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, amma damina ba ta matsawa. Daga Yuni zuwa Oktoba, laka takan rufe hanya a gabashin Maiduguri da cikin Chadi, rafuffukan Wadai su kawo. Don haka da kaka ake tashi, bayan an kai amfanin gona gida an sayar da gyaɗa. Idan hajjin shekarar ya faɗo kusa, to, sai dai a yi niyyar na baɗi.

Abu na ƙarshe shi ne takarda, wadda kakanni ba su san ta ba. Gwamnatin mulkin mallaka tana tsoron hanyar gabas saboda aƙidar Mahadiyya. A 1923 ta kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa, cikin ƙasar Fika, ta kai shi gudun dole Kamaru. A tsakiyar shekarun 1920 ta tura jami'inta G. J. Lethem ya bi sawun alhazai har Sudan da Jidda, ya rubuto rahoto. Abin da ya biyo baya shi ne tsarin fasfon mahajjata, da ajiye kuɗin komowa, da allurar rigakafin agana da kwalara, daga baya kuma har da ta shawara. Mai hali ya bi tsari. Maras hali ya bi ta bayan gari.

5.0 Zangunan Tafiya

5.1 Daga Kano Zuwa Bakin Tafki

Kano ce matattara. Daga nan akwai zaɓi: ko a shiga jirgi zuwa Jos a nemi motar Bauchi da Fataskum da Maiduguri, ko a bi hanyar mota ta Azare, ko kuma a shiga jirgin Nguru. Wanda ya sauka a Nguru yakan kwana wurin fatoma ko a zauren wani malami, sa'an nan ya kama hanyar Gashuwa da Gaidam, a mota idan rani ne kuma da kuɗi, ko a kan jaki da raƙumi.

A nan ne matsayin ƙauye irin Dagona ke bayyana. Dagona tana tsakanin Nguru da Gashuwa, a fadamar ƙasar Bade, gefen tafkin da tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu. Ga mutumin wannan wuri, tasha tana yamma, alƙibla tana gabas. Jirgin da ke ɗauke masa gyaɗa da kifi ba ya rage masa ko taku ɗaya na hanyar Makka. Amfanin da ya yi masa shi ne ya kawo kasuwa kusa, ta yadda zai sami tsabar kuɗin guzuri, ya kuma kawo masa abokan tafiya. Wannan shi ne halin dukan mutanen Barno har 1964.

5.2 Giɓin Chadi da Darfur

Daga Maiduguri hanya ta bi ta Dikwa da Gamboru, ta ratsa wuyan Kamaru zuwa Kusuri, inda aka kashe Rabe a 1900, sa'an nan a ƙetare ruwa a shiga Fallomi, wadda aka sauya wa suna zuwa Injamena a 1973. Daga can sai Ati da Abeshe, babban birnin Wadai, sai Adare a bakin iyaka, sai Jinaina, ƙofar Sudan, inda ake duba takardu da lafiya. Bayan Jinaina akwai Fashir da Nahud kafin Al'ubayyid. A wannan yanki na ƙarshe ruwa ya yi ƙaranci har mutanen ƙasar sukan rarake kututturen kuka su tara ruwan damina a ciki, matafiyi ya saya da kuɗinsa.

Wannan giɓi shi ne ainihin tafiyar. Zaman jirgi a ɓangarorin biyu kwanaki ne, amma nan watanni ne ga mai mota, shekaru ga mai ƙafa. Duk inda guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi ƙodago ko noma ko koyar da yara, a tara na gaba. Ta haka ne unguwannin Hausawa suka tsiro a Fallomi da Abeshe, waɗanda John Works ya yi nazarinsu a 1976, kowace da sarkin zango ko mai masaukin da ke karɓar baƙo, ya sama masa aiki, ya tsaya masa a gaban hukuma.

Yaƙin Duniya na Biyu ya gyara hanyar ba da niyya ba. Daga 1940 sojojin ƙawance suka riƙa kai jiragen yaƙi da kaya daga Takoradi zuwa Masar ta Kano da Maiduguri da Fallomi da Jinaina da Fashir da Hartum. Bayan yaƙi motoci suka yawaita, attajiran Kano irin su Alhaji Muhammadu Nagoda suka shiga jigilar mahajjata zuwa bakin dogon Sudan. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma da aka fi sani da WAPA, wadda har yau sunanta yake kan sananniyar kasuwar canji ta Fagge.

5.3 Dogon Sudan

A Al'ubayyid mahajjaci kan sake jin kukan jirgi. Layin yana bi ta Rahad zuwa Kosti, ya hau gadar Farin Nilu, ya isa Sinnar. Daga nan ko dai a yi arewa ta Wad Madani da Hartum da Atbara, ko kuma, tun daga 1929, a yanke gabas ta Gadarif da Kasala. Hanyoyin biyu suna haɗuwa a Haiya, su gangara duwatsun bakin teku zuwa Fot Sudan.

Sai dai wannan layi ya ratsa ta tsakiyar wuraren da ke neman hannun ma'aikata. An gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira. A Tsibirin Aba, kusa da Kosti, Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi yana da manyan gonaki da mutanen yamma ke yi wa aiki don lada da albarka. A Gadarif akwai noman dawa da riɗi. Mutumin da ya iso da aljihu wayam yakan ce bari ya yi kaka guda yana tsintar auduga ya haɗa kuɗin tikiti da na jirgin ruwa. Kaka guda ta zama biyu, a yi aure, a yi haihuwa, bashi ya hau.

5.4 Bahar Maliya da Hijaz

Sawakin, tsohuwar tashar da ke kudu da Fot Sudan, ita ce wurin killace mahajjata domin duba lafiyarsu kafin su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Waɗanda ba su da takarda ko kuɗin ajiya sukan sulale kudu zuwa gaɓar Iritiriya, wajen Masawa, su shiga ƙananan jiragen iska da dare. Wasu sun halaka a ruwa, wasu an sauke su a gaɓar da ba kowa suka mutu da ƙishirwa. Akwai kuma mugun cinikin da ya daɗe a wannan gaɓa, inda aka riƙa sayar da yara da matan da aka yaudaro da sunan hajji, domin sai a 1962 Saudiyya ta soke bauta a hukumance.

A ɓangaren Asiya babu jirgin ƙasa ga mutumin yamma. Dogon Hijaz, wanda Daular Usmaniyya ta shimfiɗa daga Dimashƙa ya isa Madina a 1908, bai taɓa kaiwa Makka ba, kuma an lalata shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga Jidda zuwa Makka, da daga Makka zuwa Madina, raƙumi ne ko mota ko ƙafa.

6.0 Waɗanda Hanya Ta Riƙe

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. J. S. Birks, wanda ya yi nazarin masu tafiya ta ƙasa a littafinsa na 1978, da C. Bawa Yamba, wanda ya zauna da Hausawan Jazira ya wallafa nasa a 1995, sun nuna yadda hanyar ta zama mazauni. Yamba ya tarar da mutanen da aka haifi iyayensu a Sudan, amma suna kiran kansu matafiya masu jiran ranar ƙarasawa Makka.

Harshe ya adana wannan tarihi. A Sudan ana kiran mutanen yamma Fallata, ko Bahaushe ne ko Bafillace ko Babarbare. A Hijaz kuwa ana ce musu Takarir, daga sunan tsohuwar daular Takrur ta bakin Kogin Sanagal. Daga nan Hausa ta sami kalmar takari. Asalinta tana nufin mutumin yamma da ya zo ibada, amma a bakin Bahaushen yau ta koma nufin wanda ke zaune a Saudiyya ba da izini ba. Sauyin ma'anar kalmar ya bi sauyin da aka samu daga zamanin da niyya ke wadatar da matafiyi zuwa zamanin da sai da biza.

Zuriyar waɗannan matafiya ba ta gama biyan kuɗin hanyar ba. Batun ko su 'yan ƙasa ne ya daɗe yana tasowa a Sudan. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a Jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan ƙasa da sarauta, aka yi asarar rayuka masu yawa. Yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 kuwa ya bi ta kan da yawa daga zangunan Sudan da aka ambata a sama, tun daga Jinaina da Fashir har Hartum da Wad Madani.

7.0 Mutuwar Hanyar

Abin lura shi ne, giɓin ya fara raguwa ne a lokacin da ake daina bukatarsa. Dogon Sudan ya isa Niyala ta Darfur a 1959. A Nijeriya kuma, da rancen Bankin Duniya na 1958, aka ja sabon layi daga Kuru kusa da Jos, ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Tazarar ta koma kimanin kilomita 1,300. Wannan layi da bai bi ta Nguru ba shi ya ƙwace mata matsayin ƙofar Barno.

Amma tun a shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi hajjinsa na farko a 1955, aka kafa hukumar jin daɗin alhazai ta Jihar Arewa a 1965, ta tarayya kuma a 1975. Tawayen da ya fara a Chadi a 1965 ya sa hanyar ta yi haɗari, arzikin man fetur kuma ya sa kujerar jirgin sama ta zo hannun manomi da ɗan kasuwa, har mahajjatan Nijeriya suka haura 100,000 a 1977. Tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i.

8.0 Kammalawa

An ga yadda dogayen Nijeriya da Sudan suka taso a lokaci guda, da faɗi guda, a hannun masu mulki guda, amma kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya yana kallon tekunsa. An ga kuma yadda mahajjata suka cike abin da ya rage da ƙafa da jaki da mota da sana'ar hannu, da yadda wannan cikewa ta haifar da al'ummomin Hausawa daga Fallomi har Gadarif. A 2008 taron ƙolin ƙasashen Musulmi da aka yi a Dakar ya goyi bayan shirin layin dogo daga Dakar zuwa Fot Sudan, amma har yanzu Chadi ba ta da dogo. Jirgi mai gudun gaske ya fara aiki tsakanin Makka da Madina a 2018, wato an gama ƙarshen hanyar an bar tsakiyarta.

Aikin da ya rage wa masu nazarin harshe da tarihi na gaggawa ne. Tsofaffin da suka yi wannan tafiya da ƙafarsu, ko aka goya su aka yi ta da su, suna ƙarewa a Nguru da Gashuwa da ƙauyukan fadama irin su Dagona. A bakinsu ne sunayen zanguna da rijiyoyi suke, da kalmomin Larabcin Shuwa da na Sudan da suka shigo Hausa ta wannan hanya, da labarin waɗanda suka tafi ba su komo ba. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya su tura ɗalibai su ɗauki waɗannan bayanai da Hausa da Badanci da Barbarci tun masu su suna raye.